Yadda Kunya Ta Ci Bayan Surukina

Sunana Iliya, dako nake yi a bakin izin, wato masana'antar siminti ta Malbaza. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, wanda ya ga gyara a rubutun nan ya yi mini haƙuri. Haushi ne ya sa na ɗauki biro. Surukina ya rasu, an yi addu'a, an watse, amma haushin bai sake ni ba, kuma rabinsa na kaina ne. Ina so duk mai majiyyaci kwance a gida ya ji abin da muka yi wa namu, don kada ya yi irinsa.

Ba zan rubuta sunansa ba. Tun da na auri Tabita ban taɓa kama sunan mahaifinta ba, Baba nake ce masa. Ita ce ɗiyarsa ta fari, saboda haka shi ma ba ya kiran sunanta, sai ya ce "wagga". Ni kuwa "Na Malbaza" yake ce mini, shi ma a bayan idona. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi a hanya sai in sauka daga babur, in tuɓe takalmi, in durƙusa a gefe har ya wuce. A ƙauyensu, nan kusa da Tsarnawa, da ni ake yi wa samari misali, ana cewa ku dubi Iliya ku koyi kunyar surukai. Ina jin daɗin wannan yabo ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Da kaka ne abin ya faru. Baba ya daɗe yana kukan ciwon ƙeya da jiri. An taɓa auna shi a dispansar aka ce tansiyo ne, wato hawan jini, aka ba shi ƙwayoyi. Ya sha na ɗan lokaci, ya ji dama, ya bari. In kan ya matsa masa sai ya sayi na masu tallar magani a tire ran kasuwa. Ran da ya faɗi yana miƙa damin hatsi cikin rumbu ne. Bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama suka saki, magana ta koma kamar ta wanda ya cika baki da tuwo.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansa namiji guda ne, Yohanna, shi kuma yana Aljeriya neman abin duniya. Saboda haka maganar gida ta koma hannun ƙanen Baba, wato Baba Dauda, dattijo a majami'armu. Ya ce a dakata tukuna, a yi azumi da addu'a. Tsofaffin mata suka ce iska ce ta buge shi a bakin rumbu, aka yi ta hayaƙi ana shafa masa man shanu. Ni na zo daga Malbaza na durƙusa a bakin ƙofar ɗaki na ce, "Baba, sannu da jiki." Na ga bakin nan a karkace, na san ba iska ba ce, don na taɓa ganin irinsa ga wani direba. Amma suruki ba ya sa baki a shawarar gidan surukai, sai na yi shiru. Sai da Tabita ta yi ta kuka tana cewa in ba a kai shi ba za ta goya shi da kanta, sannan aka nemi mota zuwa Konni.

A asibiti mun tarar da layi tun daga bakin ƙofa. Muka shimfiɗa masa tabarma a baranda tun hantsi, ba mu ga lokotoro ba, wato likita, sai da rana ta karkata. Ya duba shi, ya ɗaga hannun ya saki, hannun ya faɗi kamar tsumma. Ya ce jijiya ce ta toshe cikin kai, kuma mun yi latti. Aka ba mu gado a ɗakin maza.

Majo ta ɗakin, wato shugabar ma'aikatan jinya, wata mace ce doguwa mai kaurin murya. A gabana ta tsaya ta ce, "Ku ji ni da kyau. Wanga bawan Allah ba shi iya juya kansa. Ku riƙa juya shi dama da hagu, dare da rana. Ku wanke shi, ku tsane shi. Kar ku bar shi cikin jiƙa." Na ce to. Baba Dauda ya ce to. Tabita ta ce to. Ma'aikata kaɗan ne, majiyyata da yawa, kowa ya san wanka da ciyarwa aikin dangi ne. Ba wanda ya ɓoye mana komai.

Ga yadda muka raba aikin. Tabita na ba shi kunu da cokali, ta goge masa fuska da hannuwa da ƙafafu. Daga gwiwa zuwa ƙirji kuwa ba ta isa ba, ɗiya ce, ta fari ma. Baba Dauda ya ce wannan nasa ne. Ni kuma aka bar mini aike. In an rubuta magani ni ke gudu farmasi, ni ke sayo ruwa da gawayi, ni na kai akuyar Tabita kasuwa da abin hannunmu ya ƙare. In na gama sai in zauna gindin itacen bedi a waje da leda a hannu, masu zuwa gaisuwa suna cewa, "Kai, Na Malbaza, Allah shi yi maka albarka, ɗa ma sai haka."

Cikin mako na biyu na fara jin wari in na leƙa gaisuwa. Na kuma lura da yadda Baba Dauda ke nasa aikin. Yakan kau da kai, ya cusa hannu ƙarƙashin bargo, ya zaro zanen da ya jiƙe, ya tura wani, shi ke nan. Juyawa kuwa ba ya iyawa, shi ma tsoho ne mai ciwon baya. In majo ta tambaya ko an juya shi sai ya ce, "Yanzun nan munka juya shi." Ina tsaye ina ji. Ni da ke ɗaukar buhun siminti a ka tun safe har yamma, ban ɗaga tsohon da bai kai buhu guda nauyi ba. Kun san abin da na yi? Na je kasuwa na sayo turaren fesawa na ba Tabita.

Da aka sallame mu lokotoro ya ce sauran aiki na gida ne, a riƙa ba shi magani, a riƙa motsa masa hannu da ƙafa, a riƙa juya shi. Muka koma ƙauye. A nan na ƙara yin wani aikin da aka yaba. Baba Dauda ya yi ƙorafi cewa fitsari zai lalata katifa, sai na yanko wani ɓangare na tsohon tamfol irin wanda ake rufe siminti a kan mota, na kawo aka shimfiɗa masa. Tamfol ba ya shan ruwa, ba ya shan iska. Muka kwantar da mutum a kansa cikin ɗakin kwano, muka ja bargo.

Mutane sun zo, ba zan ce ba su zo ba. Maƙwabta Musulmi sun zo da fura da goro suna cewa Allah shi ƙara sauƙi. 'Yan majami'a sun zo kowace Lahadi bayan sujada, maza da mata, su yi waƙa, Fasto ya yi addu'a mai tsawo. Amma kowa a bakin ƙofa yake tsayawa, mata suna toshe hanci da gefen mayafi kamar masu share hawaye. Kuma kowa da shawararsa. Wannan ya ce a binne ƙafar cikin yashi mai zafi. Waccan ta ce akwai mai magani wajen Illela da ke tayar da shanyayye cikin kwana kaɗan. Yohanna yana aiko da murya ta waya daga Aljeriya, "A nemo zuma ta gaske, a haɗa da tafarnuwa. Kar ku yi wasa da tsohon nan, ni fa ina nan ina fama dominku." A cikin duk jama'ar nan ba a sami mutum guda da ya ɗaga bargo ya duba ba. Baba kuwa in an taɓa gadon sai ya yi nishi, hawaye na bi ta gefen idonsa. Muka ce baƙin cikin kwanciya ne.

Da sanyi ya shigo sai zazzaɓi ya kama shi, jiki kamar garwashi, ya daina karɓar kunu. Muka sake ɗaukar sa zuwa Konni. Majon nan muka tarar. Tun kafin a gama kwantar da shi ta ɗaga hanci, ta sa safar hannu, ta yaye bargon, ta mirgina shi.

Abin da na gani ba zan manta ba har in mutu. A ƙasan bayansa, daidai inda ƙashi ke taɓa shimfiɗa, akwai rami kamar faɗin tafin hannuna, gefensa baƙi, cikinsa yana ruwa. Diddigensa na dama ma ya fashe. Tabita ta yi ƙara ta fita da gudu.

Majo ta juyo ta dube mu. Mu maza muna da yawa a wurin, har da masu rakiya.

"Su wa ke jinyar wanga mutum?"

Muka dubi juna.

"Na ce su wa ke jinya tai? Wanga shi ake kira eskar. Ba ciwo ba ne da ke saukowa daga sama, kwanciya ce wuri guda cikin fitsari. Shanyewar ba ta kashe shi ba, ku kuke son ƙarasa shi."

Baba Dauda ya ce, "Hajiya, ni tsoho ne, bayana..."

Ta katse shi, ta nuna ni. "Kai fa, ƙato? Dubi damatsanka. Mi kake yi nan?"

Na ce, "Ni suruki ne."

Ta ce, "To, suruki ba shi da hannu?"

Na fita na zauna gindin bedin nan da rana tsaka. Da farko ita nake jin haushi. Na ce a raina wannan mata ba ta san al'ada ba, ta kunyata ni gaban mutane bayan duk gudun da na yi. Na daɗe ina lissafa wa kaina alherina. Amma ramin nan ya ƙi barin idona, kuma na san waye ya kawo tamfol.

Ban iya wa'azi ba, kuma ba wahayi na gani ba. Abin da ya faɗo mini labari ne da nake ji tun ina yaro a majami'a, na yadda Yesu ya tashi daga wurin cin abinci, ya tuɓe rigarsa, ya ɗaura ƙyalle a ƙugu, ya zuba ruwa a daro, ya bi almajiransa yana wanke musu ƙafafu. Kowace shekara gab da Ista ana karanta mana shi, ni kuma ina ɗaukar sa abin Fasto da manya. Ran nan ne na tuna da Bitrus, wanda ya janye ƙafarsa ya ce sam ba za a yi haka ba. Sai na ga ai Bitrus namu ne. Da a ƙauyenmu yake da an ce yaro ne mai tarbiyya, ya san girman na gaba. Kunya ce ta sa ya ƙi. Yesu kuwa bai yaba masa ba, bai ce madalla da ladabi ba, ya nuna masa in bai bari an wanke shi ba to babu abin da ya haɗa su. Na tuna kuma da kuturun da kowa ke tsayawa nesa da shi, Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi, alhali da baki kawai ma zai iya warkar da shi. Na tambayi kaina, da yau Yesu ya shigo asibitin nan, a ina zan same shi? Na san ba gindin bedi ba ne da ledar farmasi yana karɓar yabo. Shekara nawa ina kiran sunansa, ashe ban taɓa kwaikwayon sa a abin da ke da wari ba.

Na tashi na je bakin titi na sayo bokiti da soso da sabulu.

Tabita ce ta fara tare ni a baranda. "Iliya, mi za ka yi da wanga?"

"Wanka zan yi wa Baba."

Ta riƙe baki. "Kai? Mi mutane za su ce?"

"Mi sunka ce da bayansa ke ruɓewa?"

Baba Dauda ya taso da sandarsa. "Na Malbaza, hankalinka guda? Tsiraicin surukinka za ka gani? A gidanmu ba a taɓa yi ba. In ka yi wanga, da wane ido za ka sake duban ɗiyarmu?"

Na durƙusa kamar yadda na saba, na ce, "Baba, ga soso, ga sabulu. In za ku yi, ni zan ɗaga muku shi, in rufe idona. In ba za ku yi ba, ku ba ni hanya."

Ya dubi soson, bai karɓa ba. Ya ce, "Ba da yawuna ba," ya koma kan benci.

Na ɗauka na wuce mai wuyar, ashe tana gaba. Da na isa bakin gado na tuɓe takalmi na gaishe shi, Baba ya ga bokitin, ya gane. Da hannunsa mai lafiya ya damƙe bargon, ya juya fuska bango yana girgiza kai. Mutumin da zazzaɓi ya cinye, amma na kasa ɓamɓare yatsunsa. Yana ta faɗin wani abu da karkataccen bakinsa, da kyar na gane "a'a" yake cewa, "ba kai ba".

Na ce, "Baba, ku gafarce ni. Na san ba ni ya kamata ba. Wanda ya kamata yana Aljeriya. Ni na kawo tamfol ɗin da ya cinye ku, ni na ji wari na sayo turare. In kuka hana ni, mutuwa za ku yi, kuma ni na kashe ku. Ko Bitrus ma daga baya ya miƙa ƙafa, Baba."

Can sai ya saki bargon, ya lalubo hularsa a gefen matashi, ya kifa ta a kan fuskarsa.

A gadon da ke kusa akwai wani Bafulatani, Malam Buba, yana jinyar wansa. Ban roƙe shi ba, ya tashi ya warware rawaninsa, ya miƙe shi da hannu biyu ya yi mana labule, ya juya mana baya. Haka ya riƙa yi kullum har aka sallami ɗan'uwansa. Allah ya saka masa, ban ma san rugarsu ba.

Wankan farko sai da na fita na yi amai na dawo. Majo ta zo ta nuna mini yadda ake juya mutum ba tare da an ja fatarsa ba, da yadda ake tokare shi da matashi, da yadda ake ɗage diddige kada ya taɓa katifa. Su ne ke yanke mataccen naman su sa magani, ni ke riƙe shi yana nishi cikin hular. Ba ta sake yi mini tsawa ba, ba ta kuma yabe ni ba. Ran da na gode mata cewa ta yi, "Ka juya shi dai."

Daga nan muka sami tsarinmu, ni da Baba. In na shigo sai in tuɓe takalmi in durƙusa in gaishe shi. Ya kifa hula. In yi abin da zan yi, ba mai cewa uffan. In na gama in fita in zubar da ruwa, in wanke hannu, in dawo in sake durƙusawa in ce, "Baba, an tashi lahiya?" kamar yanzu na iso daga Malbaza. Shi kuma ya cire hular ya amsa da ka. Wani lokaci har yakan nuna mini zanen da ke jikinsa, kamar yana gaya mini wani bawan Allah ya zo ya canza masa ba na nan.

Kada wani ya ɗauka na zama waliyyi. Akwai ran da na gama wanke shi tas, na shimfiɗa zane na ƙarshe mai tsabta, kafin in ɗauki bokiti ya sake ɓata shi. Na buga bokitin da ƙasa na ce, "Haba Baba! Don Allah!" Na juya shi da ƙarfi har ya yi ƙara. Ranar bai cire hular ba, bai karɓi kunu ba. Na rasa inda zan sa kaina. Wanda nake cewa ina kwaikwayo ya wanke ƙafafun mutumin da ya san zai bashe shi a daren, bai buga daro ba. Ni tsoho marar laifi na yi wa tsawa. Washegari na roƙe shi gafara, ya ɗora hannunsa a kaina, ko yafewa ce ko gajiya ce ban sani ba.

Zazzaɓin ya sauka, aka sake sallamar mu. Wannan karon ban yi shawara da kowa ba, na ce gidana za a kai shi a Malbaza, don in riƙa zuwa dako ina dawowa juyi. Tamfol na ƙone shi. Tabita ta yi ta wankin zannuwa har hannuwanta suka tsattsage, ita ke riƙe kansa in zan juya shi, idonta a rufe. Muka sayar da waken da muka ajiye don sayen bandeji.

Magana kuwa ta bazu. A bakin izin abokan dako suka sa mini suna "Mai wankan suruki". In na ajiye buhu zan tafi gida sai wani ya ɗaga murya, "A ba shi hanya, jaririnsa ya farka!" Wannan bai dame ni sosai ba, da dariya suke yi, kuma in na tafi sukan riƙe mini layina. Abin da ya ƙona mini rai na gida ne. Yohanna ya aiko da murya yana faɗa, wai an bar bare ya ga tsiraicin ubansa, an zubar musu da mutunci. Na mayar masa na ce soso yana nan rataye, ran da ya iso zan miƙa masa da hannu biyu. Bai sake aiko mini ba, sai ta wajen Tabita. Sannan wata Lahadi Baba Dauda, wanda ya ce ba da yawunsa ba, ya tashi gaban jama'a yana gargaɗi a kan ƙauna, ya ce a dubi yadda gidansu ya riƙe majiyyacinsa. Jama'a suka ce amin. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata.

Ramin ya ɗauki lokaci. Duk bazara yana cikowa kaɗan-kaɗan daga ciki, jan nama yana tasowa. Sai da ruwa ya sauka, hatsi ya kai gwiwa, sannan fata ta haɗe, ta bar tabo mai sheƙi. Amma hannu da ƙafa ba su dawo ba. Lokotoro ya ce watannin farko su ne na motsa jiki, mu kuwa mun cinye su wajen jinyar gyambon da muka haƙa da kanmu. Da na ɗaga shi tun makon farko, wataƙila da ya zauna, wataƙila ma ya taka da sanda. Wannan nauyin nawa ne, ba na neman wanda zai taya ni ɗauka.

Da kaka ta zagayo ciwon ya sake bugun sa, wannan karon bai farfaɗo ba. Muka kai shi ƙauye. Gida ya cika maƙil. Da aka zo wankan gawa sai ga maza suna naɗe hannun riga, har ana gardamar wa zai shiga. Waɗanda suka shekara ba su wuce bakin ƙofa ba, yau kowa na son lada. Na tashi zan bi su, don na san inda jikinsa ba ya son a taɓa, ko da yake yanzu ba ya ji. Baba Dauda ya tare ƙofa da sandarsa.

"Ina za ka, Na Malbaza? Suruki ba shi shiga wankan gawa."

Na dube shi, maganganu suka cika mini baki. Amma Tabita na kallona daga cikin mata, ga gawar ubanta a ɗaki. Na koma na zauna kan turmi, ina jin ƙarar ruwa.

Da suka gama Baba Dauda ya fito yana goge hannu. Ya zo ya tsaya kusa da ni, ya yi ƙasa da murya kamar mai ba da labarin abin mamaki.

"Ashe gyambon nan ya rufe sarai. Sai tabo."

Na ce, "Tun damina ya rufe, Baba."

Ya ce, "Ikon Allah. Ba wanda ya gaya mini."

Na ce, "Bargo ne kawai a kansa."

Ya wuce wajen masu haƙa kabari.

Ku da ke da tsoho kwance, ko uba ne ko suruki, in kun je gaishe shi yau kada ku tsaya bakin ƙofa. Ku shiga, ku roƙe shi gafara in ya kama, ku mirgina shi ku dubi bayansa da idonku.